Mararrabar da Ingunn Ba Ta Tsaya Ba

Ba a rubuce dokar take ba, amma duk mai hawan keke a dajin bayan birnin Trondheim ya san ta: in kun fito ku biyu, na gaba zai tsaya a kowace mararraba har sai ya ga fuskar na baya. Ingunn da ƙawarta Torill sun daɗe suna bin wannan doka kowace Lahadi. Ingunn ce kullum a gaba. Torill kuwa sai ta iso tana haki, tana zagin tudu da duk wanda ya ce hawansa motsa jiki ne, su yi dariya su wuce.

Sai Ingunn ta sayo agogon nan mai bin sawu. Agogo ne mai shegen shisshigi. Ya ƙirga bugun zuciyarki, ya zana hanyar da kika bi da inda kika tsaya, ya tura a waya kowa a ƙungiyar keke ya gani. Mace mai hankali, har da jika, ta koma yi wa abin wuyan hannu ladabi kamar sabuwar ma'aikaciya a gaban shugaba.

Wata Lahadi ta kaka, ruwa ya kwana yana zuba, saiwoyi duk sun yi santsi. Suna gangarowa agogon ya girgiza, ya shaida wa Ingunn cewa ba ta taɓa gudu irin na yau ba a wannan yanki, kuma yankin sai a bakin tafki yake ƙarewa, can gaba da mararraba. Ta waiga ba ta ga Torill ba. Ta ce a ranta ai ta san hanya, ta duƙa ta ci gaba da takawa.

Ta kuwa karya tarihinta. Ta zauna a kan dutse, ta zuba kofi daga filas, ta ɗauki hoton tafki, tana ta duba waya baki har kunne. Sai da kofin ya huce a hannunta sannan ta farga har yanzu Torill ba ta iso ba.

Ta juya da baya, ta sami Torill dab da mararrabar, a ƙasan hanya, ƙafa a karye, waya a fashe, leɓɓa sun canja launi don sanyi. Da Ingunn ta tsaya inda ya kamata ta tsaya, da ta ji kiranta sarai.

A asibiti Asbjørn, mijin Torill, ya tambayi Ingunn yadda aka yi. Ta ce ta jira a mararraba, da ta ji shiru ta koma. Ba ta shirya ƙaryar ba, fitowa kawai ta yi. Mutumin da ko gaisuwa da ƙyar yake ɗaga kai ya rungume ta yana godiya. 'Yan ƙungiya ma suka yi ta yabo, wai samun abokiyar tafiya irinta sai an tona. Kowane yabo sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta so ta goge tafiyar daga waya, sai ta tarar mutane sun riga sun yi mata barka a kai. Ta ji kunyar gogewa, ta ji tsoron barinta, ta bar ta a nan.

Da aka sallami Torill, Ingunn ta je gaishe ta. Asbjørn ya toya musu waina, ya yanka cuku mai ruwan ƙasa a kai, ya fita da kare don ya ba su wuri. Torill na kishingiɗe, ƙafa a ɗaure bisa matashi. Suka taɓa hirar likitoci da abincin asibiti, Ingunn na ta juya waina a faranti ta kasa ci.

"Na ga tafiyarki a waya," in ji Torill. "Barka, zakara. Layi ɗaya santal har tafki, ko numfashi ba ki tsaya yi ba."

"Torill, wallahi ni..."

"Bari in gama. Ina kwance a wurin nan ina ce wa kaina, Ingunn na mararraba, yanzu za ta juyo. Na yi ta kiran sunanki har murya ta dishe. Ko kaɗan ban ji tsoro ba, don na san kina nan kusa."

Ingunn ta fashe da kuka, ta ce laifinta ne, kuma za ta faɗa wa Asbjørn da bakinta. Torill ta ce kada ta soma, mutumin yana ganin girmanta, ta bar shi da abinsa. Ba faɗa a muryarta, kuma wannan ya fi yi wa Ingunn ciwo. Ingunn ta ce za ta jefar da agogon, za su koma yadda suke da zarar ƙafa ta warke.

Torill ta gyara ƙafarta bisa matashin, ta ce:

"Ƙafa za ta warke, likita ya ce kafin bazara. Amma ki riƙe agogonki, ƙawata. In na hau keke kuma, da Asbjørn zan fita. Ba shi da sauri, ga mita, amma yana tsayawa."