Sikwid ɗin da Na Ɗinke

Shugaban makarantarmu ya ce a cire ɗalibata Hosana daga ajin bayoloji da nake koyarwa, wai yarinyar da ba ta gani ba za ta iya aikin gwaji ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce, "Oga, ka ba ni zuwa Litinin. In ba ta fayyace maka dabbar da masu idon ma ba su taɓa gani ba, ka cire ta."

Na sa Nonso, mai sayar da kifin sanyi a kasuwar Abattoir, ya yo mini odar sikwid, wata dabbar teku mai hannuwa goma, daga Legas. Ran Asabar na je karɓa, ya miƙo mini leda yana washe baki.

"Madam, na gyara maka shi tsaf."

Innalillahi! Ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa, yadda yake yi wa kowane kifi in an saya. Na zazzaga masifa har mahauta suka leƙo. Shi kuwa bawan Allah, a ganinsa alheri ya yi mini.

Ban haƙura ba. Na koma gida Dutse Uku, na juye a faranti, na ɗauko allura da zare. Wuni guda ina ɗinki, ƙarni ya kori maigidana zuwa majalisa.

Ran Litinin Hosana ta sa yatsu a kan sikwid ɗin tana lalube, shugaba na tsaye ya toshe hanci.

Ta ce, "Takwas gajeru ne, suna da 'yan ƙoƙunan mannewa tun daga gindi har ƙarshe. Biyu dogaye ne sumul, sai a kansu mai faɗi ƙoƙunan suke. Da dogayen yake cafko kifi, gajerun su riƙe su kai baki."

Sai ta tsaya cak, ta sake shafawa.

"Malama Safara'u, wannan kan mai faɗi ba nan ne wurinsa ba. Kin ɗinka shi a gajeren hannu, kin bar dogon nan ba kai."

Wallahi kunya ta kashe ni, ni da ido biyu har da tabarau! Amma daɗin da na ji ya fi kunyar.

Shugaba ya sunkuya, ya ɗaga hannun sikwid ɗin da yatsa biyu, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya zaro takardar cire Hosana daga aljihu, ya goge ƙarnin yatsunsa da ita.