Akwatin da Ke Ƙarƙashin Tebur

Ranar da aka kwashe kayan Baba daga tsohon gida, Tela ne ya tsaya a kan komai. Shi ne babban ɗa, kuma irin manyan nan ne da tambaya take yi wa nauyi a baki. Gara ya yi kuskure da ƙarfinsa da a ji ya ce bai sani ba.

A ɗakin Baba akwai kwamfutar Auta, ƙanwar Tela, wadda aiki ya kai wani gari. A ciki ta tara bidiyon marigayiya Mama: tana tsefe kai tana yi musu faɗa, tana dariya har giɓinta ya fito. Wayar da aka ɗauke su da ita ta daɗe da faɗawa ruwa, babu su a ko'ina sai nan. Baba bai iya kunnawa ba, sai Auta ta zo hutu take zaunar da shi ya yi ta kallon matarsa.

Tela ya sha ganin Mama a jikin allon, saboda haka allon ya lallaɓa. Ya naɗe shi da bargo, ya rungume shi a gaban mota, kowane rami sai ya harari direba. Baƙin akwatin da ke ƙarƙashin tebur kuwa, mai nauyi da yanar gizo-gizo, ya ɗauka na daidaita wuta ne. Ya haɗa shi da karyayyen gado ya ba mai sayen tsofaffin ƙarafa, kyauta ma.

Da Auta ta zo, ta shiga sabon ɗakin ta ga allon a goge yana ƙyalli. Ta leƙa ƙarƙashin tebur.

"Yaya, ina akwatin?"

"Wane akwati? Ga kwamfutarki nan, ko ƙwarzane babu."

"Wannan ai gilashi ne kawai, nunawa yake yi. Komai yana cikin akwatin. Akwai wani ɗan ƙarfe a ciki kamar tafin hannu, shi ne ma'ajiya. Mama tana ciki, Yaya."

Ba ta ɗaga murya ba. Tela ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, mutum da furfura a gemu.

Suka tafi wurin mai ƙarafan. Fili ne mai warin ƙonanniyar roba, an yi wa kwamfutoci gunduwa-gunduwa an tara kashi-kashi: ƙananan fankoki a tsohon baho, korayen alluna masu ƙafafun zinariya a buhu, wayoyi a dunƙule, akwatuna kuma an tattake su sun baje. Mutumin yana zaune da guduma, bai ko miƙe ba.

"Ma'ajiya? Ga su can a durom. Fasa su nake, ƙarfen jikinsu ne mai amfani."

Tela ya naɗe hannun rigarsa mai guga ya zura hannu cikin durom ɗin. Yana ciro su ɗaya-ɗaya yana miƙa wa Auta, ita kuma tana juyawa tana ajiyewa. Duk an buɗe cikinsu, faifan da ke ciki ya lanƙwashe ko ya tarwatse. Ƙarfe ya yanke shi a yatsa, bai daina ba, har sai da ta riƙe masa hannu.

"Ya isa, Yaya. Ko mun ga namu ba za mu gane shi ba, ko mun gane ba zai tashi ba."

A hanya ya yi ta harhaɗa maganar da zai faɗa wa Baba. Ya so Auta ta zage shi, ko ta yi kuka, ta ba shi abin da zai riƙe. Tana kallon taga kawai.

Suka tarar Baba ya sa an ja masa kujera, ya saka tabarau, ya gyara hula kamar mai jiran baƙo.

"Kun daɗe. To, a kunna min ita."

Tela ya durƙusa, ya buɗe baki. Auta ta riga shi.

"Baba, injin ne ya tsufa, ya mutu. Mun kai an duba, babu abin da za a iya cirowa."

Baba ya cire tabarau ya ninke a hankali. Sannan ya laluba ya dafa kan Tela.

"Haka Allah ya so. Kai dai ka yi iya ƙoƙarinka a kan mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu kula da kai haka."

Auta ta ce amin. Tela ya yi ta motsa leɓe a ƙarƙashin hannun tsohon, kalmar ta ƙi fitowa.