Farin Zanen Bishop Pellow

Shekarar da sabuwar sarauniya ta hau mulki, umarni ya iso daga London: duk limamin coci mai aure ya rabu da matarsa, ko ya sauka daga kujerarsa. Bishop Gervase Pellow ya karanta takardar ana tsakar cin abinci, ya ninke ta, ya ci gaba da yanka naman tunkiya.

Thomasine, wadda ya aura shekara biyar da suka wuce, yake kuma kiranta Tamsin, ta ajiye cokali.

"Wanne ka zaɓa, maigida?"

"Ci abincinki, Tamsin."

Ta sake ɗaukar cokalinta.

Dokar tuba sananniya ce. Ranar Lahadi mai tuba zai tsaya cikin coci ba takalmi, lulluɓe da farin zane, kyandir a hannu, ya faɗa wa jama'a cewa aurensa bai taɓa zama aure ba. Ranar Asabar da safe Bishop ya sami Thomasine tana jera kaya. Duk wani zane da ke gidan, daga shagon ubanta masaƙi ta zo da shi.

"Ina buƙatar farin zane."

"Na gado ko na likkafani?"

"Kar ki fara. Magana ce ta fatar baki, Allah ya san zuciyata. Ki koma wajen yayanki, zan riƙa leƙo ku."

"Leƙo mu. Sai ka ce mai kiwon kaji."

"Kin fi son a jefa ni kurkuku?"

Ta buɗe akwati, ta zaro zanen aurensu. A gefensa ta taɓa ɗinka zangarniyar alkama da jan zare. A kansa ta haifi 'yarsu Avice.

"Babu wani?"

"Sauran ba a wanke ba."

"To, cire jan zaren."

"Ni na ɗinka. Kai ka cire."

Bai taɓa riƙe allura ba. Ya naɗe gefen ciki, ya fita.

Ranar Lahadi ta tsaya can baya a coci, riƙe da hannun Avice. Emmot mai sayar da kifi ta zungure ta da gwiwar hannu.

"A'a, uwargidan Bishop! Daga yau da wane suna za mu kira ki?"

"Kasa kunne, Emmot. Yanzu zai gaya miki."

Bishop ya shigo yana taka dutsen daɓe a hankali, ƙafafunsa sun yi fari fat saboda sanyi. Da ya durƙusa, zanen ya zame daga kafaɗarsa, jar zangarniyar ta fito fili. Matan garin sun sha ganinta a shanye kan igiya a bayan gidan Bishop. Dariya ta fara daga layin gaba, ta iso har baya.

Ya karanta kalaman tuban duk da haka, muryarsa ba ta yi rawa ba. Ya ce Thomasine Varley ba matarsa ba ce. Da sunan ubanta ya kira ta. Ya ce zamansu zaman zunubi ne, abin da aka haifa a cikinsa kuma ba shi da gado.

"Mama, me ya sa Baba ya yafa zanen gadonku?"

"Yi shiru. Bishop na magana."

Aka bar masa kujerarsa.

Ranar Alhamis da la'asar, ana yayyafi, ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da yayanta ya ba ta a bayan kasuwar ulu.

"Tamsin, buɗe. Ni ne."

"Wa ake nema, ranka ya daɗe?"

"Matata."

"A coci na ji an ce ba ka da ita."

Ya daɗe a tsaye. Tana jin tarinsa ta jikin katako, ba ta motsa ba. Sai da takunsa ya ɓace ta buɗe. Zanen na kan dakali a ninke, ruwa ya jiƙa shi, ga ɗigon kyandir ya daskare a jiki.

Ta yanke gefen mai jan zare ta jefa a murhu. Sauran ta wanke, ta ɗinka wa Avice riguna biyu, ɗaya daidai ita, ɗaya ta baɗi.