Jarkokin Mista Alcide

A gidan tsofaffin da muke zaune a garin Houma, da zarar an ce guguwa ta taso daga teku, kowa sai tsohuwar ɗabi'arsa ta motsa. Mu mata mu hau tara ruwa da wake na gwangwani, maza kuma hankalinsu ya koma kan jarka. Duk namijin da ya tashi a bakin ruwan nan, hannunsa ƙaiƙayi yake yi in bai cika jarka da fetur ba kafin hadari.

Mista Alcide Guidry, wanda ƙofarsa ke kallon tawa, ya fi kowa wannan ciwo. A jirgin kamun jatan lande ya ƙare ƙuruciyarsa, matarsa Odile kuwa da na'urar oksijin take numfashi. A guguwar bara janareton gidan ya tsaya don motar mai ta kasa ratso ruwa, Alcide ya wuni yana yi mata fifita da kwali. Bayan nan manaja, Misis Leona, ta so mayar da Odile ɓangaren nas-nas. Ya ce atafau, shi ya auro ta, shi zai kula da ita.

Dokar gidan kowa ya san ta. Mai a tankin waje yake zama, bayan shingen waya, nesa da bango. Ko a kwalba ba a shigo da shi.

Wata Talata da hantsi jami'ar kwana-kwana ta zo duba tankin, wata matashiya mai suna Renée Falgout. Ta gama, ta biyo ta barandarmu tare da manaja, sai ta ja ta tsaya a ƙofar Alcide tana shaƙar iska. Mu ma mun kwana biyu muna jin wani wari-wari, mun ɗora wa mai yankan ciyawa.

"Baba, in ɗan leƙa ciki?"

"Shigo mana, 'yata. Ko kin zo ƙwace wa Odile miji ne?"

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙe zuwa durowar kaya, ta ture rigunan sanyi. Jajayen jarkoki ne a jere, ɗaya ta tsage ta gindi, kafet ya jiƙe sharkaf. Dab da su tukwanen oksijin ɗin Odile ne a tsaye.

"Na ɗan janaretona ne, yana cikin motata," in ji shi, yana ɗaga murya don mu da muka cika ƙofa mu ji. "Tun kafin a haife ki nake harkar mai. Na ɗaure murafen tam."

"Baba," ta ce a hankali, "ba ka jin wari?"

"Wane wari?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ni na fara shigewa. Warin har idanu yake sa wa ruwa. Ya dube ta, ya dube mu, ya ga kowa da hannu a hanci. Ya durƙusa da kyar, ya shafo kafet ɗin, ya kai yatsu hancinsa ya daɗe yana shaƙa. Bai ji komai ba. Muka watse sumui-sumui kamar waɗanda suka leƙa mutum yana wanka.

Aka fito da Odile a keke, aka buɗe tagogi, aka kwashe jarkokin. Misis Leona tana da ikon sallamarsa daga gidan, amma ta ce a cire kafet, maganar ta mutu a nan, su ci gaba da zamansu tare.

Odile ta kamo gefen rigarsa. "Ka ji ko, tsohon banza? An yafe maka. Mu je ka haɗa mini kofi."

Bai iya duban fuskarta ba. Ya shiga ɗakin, ya fito rungume da matashin kanta da silifas ɗinta, ya tsaya gaban manaja kai a sunkuye.

"Gadon nan na wajen nas-nas," ya ce, "in ba a ba wani ba, a ba ta."