Ƙanƙarar Barira

Likita ya ce mu koma gida, a ba ta duk abin da ranta yake so. Na haura hamsin, na san abin da wannan magana take nufi, amma sai na ji bakina yana yi masa godiya kamar ya ba ni kyautar hula.

Ciwon a maƙogwaron matata Barira yake. Tuwo ya daina wucewa, koko ya bi bayansa, ruwa ma ta hanci yake dawowa. Abu ɗaya ne ke sauka: ƙanƙara, in ta narke a hankali a kan harshe. Ita kuma ba ta son fara, wai warin firiza take yi. Irin tata take so, ta zoɓo, wadda ake ƙullawa a siririyar leda. Da ita ta riƙe gidanmu a unguwar Limawa tun da wayar hannu ta kashe min sana'ar gyaran agogo. Ni a wannan kamfani aikina ɗaukar kula ne, sai ba da shawarar da ba a nema ba.

Firizarmu kuwa ta koma akwatin ajiye tukwane, don taransifomar layinmu ta ƙone tun kafin zafi ya shigo.

Na ɗauki kula na fita neman ta saye. A Minna abu ɗaya sai ya yi suna biyar. Bayarabiya mai shago a bakin titi ta ce, "Kondens? Ya kare." Ndatsu mai lemo ya ce shi ayis ya sani, kuma rabonsa da shi tun rabonsa da wuta. Wata baƙuwa daga Kano ta ce su ƙanƙarar leda suke cewa. Na ce mata mu ma haka, na gode da ƙarin ilimi. Sai a ƙofar wata firamare na samu wata ja wur.

Barira ta tsotsa sau ɗaya ta kau da kai.

"Malam, wannan kala ce da sakarin. Ko gawata ba za ta sha ba."

"Ki daina irin wannan magana."

"To ka daina kawo min fenti."

Daga kan gado ta sa ni aiki. Na dafa zoɓo da ɓawon abarba da kanumfari. Ta ce ban da citta, ba za ta iya ba. Na tace, na sa sukari, na kai mata ta shinshina, ta gyaɗa kai. Kafin a zo wajen ƙulli magani ya ɗauke ta, ta yi barci. Ban tashe ta ba. Ƙulla leda ai ba gyaran agogo ba ne. Na cika kowace har wuya don ta samu da yawa, na ɗaure tamau.

Firiza mai sola ɗaya ce na sani, ta Magdalene, 'yar garin Garatu, wadda suka shekara suna ƙwace wa juna yaran makaranta ita da Barira. Na same ta tana suyar kifi.

"Oga Sanda, yaya jikin matarka? Yana ci abinci?"

Na ce da sauƙi, na nuna mata ƙullin zoɓon da na kawo, na roƙi wuri a firizarta.

"Sa loli ɗin a kasa. Gobe ka zo."

Washegari da azahar muka buɗe firiza tare. Duk sun fashe. Zoɓon ya malale ya daskare a ƙasan firizar, ja kamar an yi yanka, ga ledar kifinta maƙale a ciki.

Magdalene ta dafa kai. "Kai, Oga! Ba ka bar masa wuri ba? Ruwa yana kumbura in ya daskare. Ana bari kadan a sama!"

Na ce ba wanda ya taɓa gaya min. Ta dube ni. Ta miƙo min nata guda uku. Na ce nata Barira take so. Ba ta ji haushi ba. Ta ɗauko cokali, ta durƙusa, ta riƙa kankare gefen da bai taɓa kifin ba tana zubawa a kofi.

"Ka gaya masa ni na kankare," ta ce. "Ka ce yaran makaranta suna tambaya."

A cikin keke na rufe kofin da hulata. Duk da haka kafin mu kai Limawa rabi ya koma ruwa.

Na tarar da ƙanwarta Na'ima zaune a gefen gado tana mata fifita. Barira ta buɗe ido da ƙyar. Na ɗebo ɗan gutsure na sa mata a harshe. Ta rufe baki, ta daɗe.

"Ya yi," ta ce, ba murya. "Ashe kana da amfani."

Na tsura wa maƙogwaronta ido ina jiran ya motsa. Bai motsa ba. Jan ruwan ya biyo gefen bakinta ya sauka kan matashi. Na sake ɗebo wani na sa mata. Shi ma haka.

Na'ima ta karɓe kofin daga hannuna ta ajiye a ƙasa.

"Yaya, bari haka," ta ce. "Fita ka kira Zakiyyu. Ka ce ya taso daga Kagara yau, kada ya jira gobe."

Na fita tsakar gida na kira ɗanmu.