Tarhon Hajji Shafik

"Sun ce mene ne?" Hajji Shafik ya tambaye ni daga kan kujerarsa, karo na uku ke nan.

"Sun ce in jira, Hajji."

"Tun Litinin suke cewa a jira. Ka gaya musu jikar tawa za ta yi aure kafin su gama."

Ina durƙushe a ƙarƙashin teburin falonsa, wayata maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, kiɗan jira na kamfanin waya yana ta zagaye a kaina, hannuna kuma cikin ƙurar da ta shekara ba ta ga tsintsiya ba. Ranar Alhamis ce bayan la'asar. Washegari Juma'a da ƙarfe uku 'yarsa Nermin za ta yi bikin kwana bakwai na jaririyar da ta haifa a Milan, ta kuma yi alkawarin kiransa ta bidiyo ya gani da idonsa. Sai dai intanet ɗin gidan ya ƙi. Kwana shida ana ɗaga masa yarinyar a gaban kyamara, shi kuma abin da yake gani a ƙaramar kwamfutar da Nermin ta aiko masa bai wuce wani dunƙule mai ruwan hoda ba, ya daskare, muryar ta tsinke, a sake kira.

"Ko hancinta ban gani ba, Ustaz Nabil," ya ce. "Nermin ta ce hancin marigayiya mahaifiyarta ne sak. Ni dai na ce to, don kada ta ji babu daɗi."

Ni malamin lissafi ne, ba ma'aikacin waya ba. Amma tun da na taɓa gyara fankar masallaci, duk benenmu da ke bayan kasuwar kifi a Mansura ya yanke cewa na san wayoyi, ni kuma ban taɓa musawa ba, don ina jin daɗin a ce na sani. Mu muna hawa na biyu, Hajji yana na biyar, shi kaɗai tun rasuwar matarsa. Gwiwoyinsa sun hana shi sauka shekara biyu ke nan. Burodi da wake a kwando yake jawo su da igiya ta baranda.

Kiɗan ya tsaya, wata yarinya ta ɗauka. Ta sa na kashe rautar, wato na'urar da ke kawo intanet ɗin, na ƙirga talatin na kunna. Ta sa na duba ko fitilar layi tana tsaye ko tana ƙyaftawa. Tana ƙyaftawa. Ta ce daga wurinsu layin lafiya lau yake, amma akwai hayaniya a cikinsa.

"Yallaɓai, akwai wani tarho a kan layin?"

Na ɗaga kai na buge da ƙasan tebur. Yana nan a samana, baƙi, mai nauyi, irin wanda ake juya lambobinsa da yatsa, an shimfiɗa masa ɗan kyalle mai saƙa a ƙarƙashi.

"Akwai."

"An saka masa ɗan akwatin nan mai raba murya da intanet?"

"Wannan ya girme ki, 'yata. Kai-tsaye yake shiga bango."

"To cire shi mu gani."

Na zare filogin. Fitilar ta yi ƙyafce biyu ta tsaya cak, koriya shar. Na buɗe wani bidiyo a kwamfutar, ya tafi sumul ba tangarɗa. Wallahi sai na ji kamar ni na ƙirƙiro intanet ɗin. Yarinyar ta ce a sayi ɗan akwatin a haɗa tarhon ta cikinsa, dukkansu za su yi aiki. Na duba filogin na ga tsohon yayi ne mai ƙafa uku, sai an canza masa kai, kuma shagon kayan lantarkin da ke kwanarmu ya riga ya rufe, ba zai buɗe ba sai Asabar.

"Mayar min da shi," in ji Hajji.

"Idan na mayar, gobe dunƙule za ka sake gani."

"To da me zan buga muku ta safe?"

Wannan tsarin matata Suhair ne. Kowace safiya da ƙarfe bakwai tarhon gidanmu zai yi ƙara sau biyu ya katse. Ba a ɗauka. Hajji ne yake cewa ya tashi lafiya, kuma kamfani bai ci ko sisi ba, abin da ya fi faranta masa rai ke nan. Shekara huɗu bai taɓa fashi ba.

"Ga salular da Nermin ta saya maka a aljihun tebur."

"Gilashin nan bai san yatsuna ba. Ina shafawa yana kallona kamar na zo bara."

"To mun yafe maka ta gobe da ta jibi. Kwana biyu ne, Hajji, me zai faru?"

"Ka mayar yanzu, gobe in ka zo ka cire."

Maganarsa daidai ce, yanzu na sani. Amma a lokacin bayana ya ƙage, gwiwar wandona ta yi fari da ƙura, kuma ina tsoron in na sake taɓa wani abu fitilar ta koma ƙyaftawa in rasa yadda zan yi. Na ce masa abin da ya gyaru a bar shi ya kwana a gyare. Na naɗe wayar tarhon tsaf, na ɗaure da roba, na ajiye a gefensa, na tura teburin ya koma jikin bango.

Ya daɗe yana kallon tarhon. Sannan ya yi dariya ya ce, "Shekara arba'in yana aiki, malamin lissafi ya sallame shi a minti biyar. To ka zo da wuri. Ka ce wa Suhair ta hawo ita ma ta ga hancin."

Kafin in fita ya nuna mini ƙananan ledoji ashirin da ya ɗaure da kansa, gyaɗa da alawa da gugguru a ciki, na rabon yaran bene. Ya ce ba za a yi bikin jikarsa a ƙasar Turawa kaɗai ba.

Da safe Suhair tana tsaye a gaban buta, ta dubi agogo, ta dube ni.

"Hajji bai buga ba."

"Yaya za a yi ya buga? Ni na cire."

"Ka hau ka leƙa shi mana."

"Hawa uku don in ce ina kwana? Ƙarfe biyu da rabi zan hau in shirya masa kiran. Ki bar tsoho ya yi barcinsa."

"Kai dai komai kana da amsarsa," ta ce, ta juya ga shayinta.

Na yi wanka, na tafi masallaci, na tsaya a ƙofa muna gardamar ƙwallo da mai sayar da lemo. Na dawo na ci miyar lalo da zomo har na ƙara. Duk waɗannan na yi su hankali kwance. Wannan ne abin da har yau ban iya haɗiyewa ba.

Biyu da rabi na ƙwanƙwasa. Shiru. Na sake, na kira sunansa, na ce ko yana banɗaki. Makullinsa na biyu yana wurinmu, na sauka na ɗauko ina mita a kan matakala.

Abin da na fara gani takalmin silifa ne guda ɗaya a ƙofar banɗaki. Sai dardumar nan doguwa ta tsakar gidan, ta tattare ta taho har falo kamar an ja buhu a kanta. Yana kwance a gefensa na dama a gindin teburin, cikin farar jallabiyarsa ta Juma'a mai karin guga, ya yi aski, har da ɗan yanka a haɓa. Tarhon ya faɗo ƙasa tare da kyallensa. Kan tarhon yana kusa da kunnensa.

"Hajji," na ce. "Hajji, ni ne."

Na taɓa hannunsa na janye. Sai a lokacin na lura da wayar. Robar da na ɗaure ta da ita tana gefe a tsinke. Ya warware wayar duka, ya tura filogin ta ƙarƙashin tebur iyakar inda hannunsa na hagu ya kai. Tsakanin filogin da soket bai fi taƙi ɗaya ba. Ƙafar teburin ce ta tare, teburin da na tura jikin bango da hannuna.

Ban san na yi ihu ba sai da na ji gudun Suhair a matakala. Ta shigo, ta dafe ƙirji, ta yi salati. Bayanta Ammu Subhi mai gadi yana haki. Shi ya saba wankan gawa a unguwa, ya durƙusa ya taɓa muƙamuƙin, ya ɗaga hannun ya ajiye a hankali.

"Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Wannan tun hantsi ne, Ustaz." Ya girgiza kai. "Na ga kwandon bai sauko ba yau. Na ce ko yana da sauran burodin jiya."

"Ya daɗe a ƙasa kafin..." na ce.

Ammu Subhi ya dubi dardumar, ya dubi silifan can nesa. Ya miƙa hannu ya rufe masa ido.

Suhair tana kallon filogin. Na jira ta ce ai ta gaya mini. Da ta faɗa da na ji sauƙi. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko farin zanen gado.

Na zauna a hannun kujerarsa. Kaina babu komai sai lambar tarhon gidanmu, lambobi bakwai, da tunanin sau nawa yatsan nan ya juya su a tarhon da babu rai a cikinsa, mu kuma muna hawa uku a ƙasansa ina cewa a bar tsoho ya yi barcinsa.

Sai kwamfutar ta ɗauki ƙara a kan tebur. Ya jingine ta da kwalbar zuma tun safe, ta fuskanci kujerar. Hoton Nermin ya fito. Ƙarfe uku daidai.

"Kada ka ɗauka," Suhair ta ce da raɗa. "Ka kira mijinta tukuna."

"Ba ni da lambarsa."

Nermin ta katse, ta sake kira. Ta katse, ta sake. A karo na uku na ga yatsana ya tafi da kansa.

Falon Milan ya buɗe a gabana tar, kamar taga. Mata sun cika shi da kyandirori a hannu, wata dattijuwa tana daka turmin tagulla tana yi wa jaririya huɗuba ta ji maganar uwarta kada ta ji ta ubanta, ana ta shewa, ana watsa gishiri. Kowace ƙara tana isowa a kan lokacinta.

"Ustaz Nabil! Kai ne ka gyara? Kai, yau har gashin girarka nake gani! Allah ya saka da alheri, wallahi ka fitar da mu kunya. Ina Baba? Ya tsaya fesa turare ko? Ce masa ya zo maza, an sa ta a rariyar tankaɗe."

 Ba ta jira amsata ba, ta riga ta juya kyamarar.

"Baba, kana gani? Duba hancin!"

Yarinyar tana kwance a cikin rariya mai ado da farin leshi, kamar yadda al'adarmu ta bikin kwana bakwai take, hannayenta a dunƙule kusa da kunne. Ana ganin 'yar jijiyar da ke fatar idonta. Ta yamutsa fuska saboda ƙarar turmin, ta yi hamma, ta buɗe ido ɗaya. A bayana na ji Suhair tana jan zanen ta rufe ƙafafunsa.