Ƙafar Kooshin

"Ke, sake ni! Mijina ne!"

Sagal ta fizge hannunta daga nawa ta ci gaba da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Hayaƙi na tashi daga gidan nan na bakin kogin Shabelle, mutane na ta salati, amma ni kalmar nan ce ta tsaya mini a ƙirji. Mijinta. Yarinyar da ko lallen aurenta bai dushe ba.

Ni fa tun ina ƙarama dangar kara ce kawai ta raba gidanmu da na su Kooshin mahauci, kuma akwai wata ɓula a jikinta daidai tsayin idona. Ban taɓa ce masa uffan ba. A littattafan da na karanta, namiji da kansa yake ganewa. Kooshin bai gane ba. Ya tafi garin Marka ya auro Sagal.

Da hantsin ranar, Samarin nan masu bindiga da ke riƙe da garinmu suka zo ƙofarsa, fuska a naɗe.

"Kai mahauci, manya sun sauka a gidan bakin kogi. Ka zo ka gasa musu akuya kafin azahar."

Ba a ce musu a'a. Yana wasa wuƙa Sagal ta leƙo.

"Ka rago mini hanta."

"Amarya da kwaɗayi! Hibaaq, kina jin ƙawarki?" ya ɗago murya ta saman danga, yana dariya.

Ina ji. Wainar anjeron da nake toyawa sai da ta ƙone a kan tanda.

Ana kiran azahar jirgin saman yaƙi na ƙasar waje ya saki abin da ya saki. Manyan nan yake nema. Bai tambayi wa ke juya nama a kan wuta ba.

Da muka isa, an jere gawarwaki a ƙarƙashin bishiya an rufa musu tabarmi, ƙafafu kawai ke waje. Wani dogo mai bindiga ya tare mu.

"Ban da kuka. Duk shahidai ne. Rami ɗaya za mu sa su kafin jirgin ya dawo."

Inna Dahabo, uwar Kooshin, wadda yanar ido ta makantar da ita, ta iso ana riƙe da ita.

"Ɗana ba mayaƙinku ba ne, yaro. Nama ya zo gasawa. Ku ba ni shi in kwantar da shi kusa da ubansa."

"Ku nuna shi ku ɗauka. Amma fuska kam babu. Ku yi sauri."

Sagal ta bi layin ta dawo, ta sake bi.

"Shuɗiyar riga ya sa... Inna, shuɗiya ce."

"Wace riga ta rage, baiwar Allah?" in ji mai bindigar.

Ni tun kallon farko na gan shi. Ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu ya hau kan na kusa da shi, kamar yaro a bayan uwarsa. Shekara da shekaru ina kallon ƙafar nan a kan dutsen alwala, ruwa na gangarowa. Na tsaya ina kallon Sagal tana ɗaga wannan tana sakin wancan, wani abu mai ɗaci yana cewa a raina: to, matar gida, nuna shi mana. Kuma budurwa ta san ƙafar namiji a gaban mutanen da ke bulala a kan abin da bai kai haka ba?

Aka fara jan tabarmar farko zuwa ramin.

"Ga shi nan," na ce. "Mai yatsa a goye."

Inna Dahabo ta durƙusa ta lalubi ƙafar. Tana taɓa yatsan ta kifa goshinta a kai.

Mai bindigar ya juyo. "Ke wace ce tasa?"

Tsohuwar ce ta amsa, ba ta ko ɗago ba.

"Ƙanwarsa ce. Nonona ta sha."

Ƙarya ta yi don ta cece ni, kuma gari duka ya ji. Aka binne Kooshin kusa da ubansa kafin la'asar.

Sagal ta sa fararen kayan takaba. Mata suka kewaye ta, wannan ta riƙe mata kai, waccan ta shafa bayanta. Ni aka miƙo wa tiren shayi.

"Ƙanwar mamaci, zagaya da shi mana."

Da na kai gabanta ba ta ɗauki kofi ba. Ta dube ni da jajayen idanu, ta yi ƙasa da murya.

"Nonon wa kika sha, Hibaaq?"

Na wuce da tiren.

Washegari da sassafe ƙafata ta kai ni gindin danga, kamar kullum. Butarsa nake so in gani a kan dutsen. Na sa ido a ɓular, ban ga komai ba sai fari. An toshe ta da ƙyalle, an yago shi daga gefen mayafin takaba, zarensa na lilo ta ɓangarenmu.

Na naɗe zaren a yatsana.